Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Karatun yau: 1 Sama'ila 8, Daniyel 3, Yahaya 6:1-15



Wataƙila ka taɓa tsayawa a bakin hanya lokacin yaƙin neman zaɓe, motar jam'iyya ta wuce da lasifika, ka ji wani kari da kunnenka ya sani. Da ka kasa kunne sai ka gane waƙar da kuke rerawa a majami'a ran Lahadi ce, amma an cire sunan Yesu an sa sunan ɗan takara. Waɗansu sukan yi dariya, waɗansu ransu yakan ɓaci, waɗansu kuwa sukan bi waƙar ba su ma sani ba. Abin da muke so mu yi tunani a kai yau ke nan. Don me siyasa take yawan aron zanen addini ta ɗaura? Laifi ne, ko ba kome? In kuwa akwai iyaka, a ina take?

Bari mu ɗauki labarin mutum ɗaya wanda dukan Afirka ta san sunansa, wato Kwame Nkrumah na Ghana. Ba mu ɗauko shi don mu ci mutuncinsa ba. Mun ɗauko shi ne domin mutum ne mai girma, gama kuskuren da ya auku a kewaye da mutum mai girma ya fi koya mana darasi.

An haifi Nkrumah a Nkroful a shekara ta 1909. Ya tafi Amurka karatu a 1935, ya kuma sami digiri a ilimin tauhidi a Jami'ar Lincoln a 1942. Yana ɗalibi yakan yi wa'azi a majami'un baƙar fata. Ashe ya san Littafi Mai Tsarki, ya kuma san yadda maganar mumbari take ratsa zuciya. Ya komo gida a ƙarshen 1947. Ran 28 ga Fabrairu 1948 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe tsofaffin sojoji 3 da suka fito neman hakkinsu a Accra, ƙasa ta ruɗe. A 1949 ya kafa jam'iyyar CPP. A 1950 Turawa suka ɗaure shi, amma yana kurkuku mutane suka zaɓe shi, har dole aka sake shi a Fabrairu 1951. Ran 6 ga Maris 1957 ƙasar ta sami 'yancin kanta.

Dubi yadda labarin nan ya yi kama da wanda muka sani tun muna makarantar Lahadi. Ga jama'a cikin bauta, ga Fir'auna daga ƙetaren teku, ga wanda ya tafi baƙuwar ƙasa ya komo don ya fitar da mutanensa, ga jinin waɗanda aka kashe, ga kurkuku da fitowa daga kurkuku, ga kuma ƙasar alkawari a gaba. Ko sunan ƙasar ma daga wata tsohuwar daula aka ɗauko shi, Daular Ghana, wadda ta yi zamaninta can a yankin Mali da Muritaniya na yau, don a tuna wa mutane cewa suna da daraja tun kafin zuwan Bature. A gangamin jam'iyya akan rera waƙoƙin sujada. Waɗanda suka sha ɗauri sukan sa wata hula ta musamman, alamar sun sha wuya saboda ƙasa. Jaridar jam'iyyar ta taɓa buga wata shaida da aka tsara bisa ga Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, amma jam'iyya da shugabanta ne a wurin da muke ambaton Uba da Ɗa.

Bayan 'yanci abin ya ƙara nisa. A 1958 aka kafa mutum-mutuminsa a gaban majalisar dokoki a Accra. A gindinsa aka rubuta maganar da aka juyo daga Matiyu 6:33, inda aka sa mulkin siyasa a matsayin Mulkin Allah, aka ce shi za a fara nema, sauran abubuwa su biyo baya. Majalisar Ikilisiyoyin Ghana ta roƙa a cire kalmomin, ba a cire ba. Ana kiransa Osagyefo, tsohon kirarin sarakunan Akan ga wanda ya ceci jama'a a fagen yaƙi, amma da aka fassara shi sai ya zama Mai Fansa. A 1960 aka kafa ƙungiyar yara da matasa mai suna Young Pioneers, inda aka koya wa yara su riƙa cewa Nkrumah ba ya kuskure, Nkrumah ba ya mutuwa. A watan Agusta 1962 Bishop Richard Roseveare na Ikilisiyar Angilika ya yi magana a fili a kan wannan koyarwa. Ba a daɗe ba aka kore shi daga ƙasar, sai bayan 'yan watanni aka bar shi ya komo.

Wani zai ce, to, mene ne a ciki? Ai waƙa ce da kirari kawai, yabon gwani kuwa ya zama dole. Gaskiya ne akwai abin yabo. A zamaninsa aka buɗe makarantu masu yawa, aka gina tashar jiragen ruwa ta Tema da madatsar ruwa ta Akosombo, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963. Amma ka lura da abin da ya tafi tare da kirarin. Idan shugaba ba ya kuskure, to, wanda ya ce ya yi kuskure ya zama me? Tun a 1957 aka kori shugabannin zango guda 2 na Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya, su kuwa 'yan adawa ne. A 1958 aka yi dokar da ta ba gwamnati iko ta tsare mutum har shekara 5 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A 1964 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ce fiye da kashi 99 cikin 100 sun yarda a zauna da jam'iyya ɗaya. J. B. Danquah, wanda suka fara gwagwarmaya tare, a kurkukun Nsawam ya mutu a Fabrairu 1965. Kada mu manta, an yi ƙoƙarin kashe Nkrumah ba sau ɗaya ba, har da bam ɗin Kulungugu a 1962, tsoronsa ba na banza ba ne. Duk da haka Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni duka sun ɗanɗana abin da yakan faru sa'ad da aka ɗaga mutum ya wuce inda za a iya yi masa gyara.

Ran 24 ga Fabrairu 1966, yana kan tafiya zuwa Hanoi ta ƙasar Sin, sojoji da 'yan sanda suka yi juyin mulki. Aka tumɓuke mutum-mutumin nan, aka fille masa kai. Ya zauna a Konakiri ta ƙasar Gini, ya rasu a asibiti a Romaniya ran 27 ga Afrilu 1972. Yaran da aka koya musu cewa ba ya mutuwa suka ji labarin mutuwarsa a rediyo. Daga baya Ghana ta komo ta girmama shi, aka gina masa hubbare a Accra a 1992, aka ajiye mutum-mutumin a wurin, gangar jiki dabam, kai dabam. Girman da ake ba shi yanzu ya fi na dā tsabta, gama girma ne da ake ba mutum, ana faɗin alherinsa ana kuma faɗin kuskurensa.

Kada wani ya ce wannan ciwon baƙar fata ne. Turai ta riga mu kamuwa da shi. A Faransa, lokacin juyin juya hali, ran 10 ga Nuwamba 1793, aka yi bikin girmama Hankali a cikin babbar majami'ar Notre-Dame, aka kuma ƙago mako mai kwana 10 don a shafe Lahadi. A Rasha jam'iyyar da ta ce babu Allah, da Lenin ya mutu a 1924 sai ta shafe gawarsa da magani ta sa a gidan gilashi a Mosko, mutane suna layi suna ziyara kamar kabarin waliyyi. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, gawar tana nan. A Jamus Hitler ya yi alkawarin mulkin shekara 1,000. Suna da tuta wadda suka ce ta jiƙe da jinin 'yan jam'iyya da aka kashe a 1923, da ita suke taɓa sababbin tutoci kamar ana keɓe su. Mulkin ya yi shekara 12, ya bar Yahudawa wajen miliyan 6 a kashe. Wani masani, Eric Voegelin, ya rubuta littafi a 1938 ya kira irin waɗannan ƙungiyoyi addinan siyasa.

A kusa da mu kuma, Mobutu na Zayar ya hana sunayen baftisma a 1972, Kadinal Malula ya yi magana, dole ya tafi Roma ya fake na ɗan lokaci. A 1974 aka cire Kirsimeti daga ranakun hutu, talabijin kuwa kafin labarai takan nuna fuskar Mobutu tana saukowa daga cikin gajimare. Ya mutu yana gudun hijira a Maroko a 1997. A Cadi, Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati su shiga tsafin yondo, aka kashe waɗansu masu bi da suka ƙi, shi ma sojoji suka kashe shi a Afrilu 1975. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

In ka jera waɗannan labarai za ka ga zare ɗaya ya ratsa su. Akan ce dā muna cikin daraja. Sa'an nan wani ya zo ya ɓata mana, ko baƙo, ko mai kuɗi, ko wata kabila. Ga wanda aka aiko ya cece mu. Dole a zub da jini. Bayan haka za mu shiga zamanin da babu yunwa babu zalunci. Ɗan'uwana, ba ka ji kamar ka san wannan tsari ba? Gonar Aidan ce, da faɗuwar mutum, da Mai Ceto, da gicciye, da Sabuwar Urushalima. Ko waɗanda suka kori addini ta ƙofa, sun shigo da siffarsa ta taga.

Me ya kawo haka? Allah ya halicci mutum da wurin sujada a zuciyarsa. In bai ba Allah wurin ba, wurin ba ya zama fanko, wani abu zai shiga. Mutum kuma ba ya iya jure wahala in ba ta da ma'ana. Manomin da fari ya cinye gonarsa, da matashin da ya gama makaranta ya rasa aiki, da uwar da ɗanta ya mutu don babu magani a asibiti, dukansu suna so a gaya musu dalilin wahalarsu, da ranar da za ta ƙare. Wannan ƙishi ba zunubi ba ne, ƙishin adalci ne wanda Allah ya dasa. Sai dai mai ƙishi bai cika duba tsabtar ƙwarya ba. Haka Isra'ilawa suka yi a zamanin Sama'ila. Kukansu na gaskiya ne, gama 'ya'yan Sama'ila suna karɓar hanci suna karkatar da shari'a, abokan gaba kuma suna kewaye. Suka nemi sarki da zai yi musu yaƙi. Sama'ila ya faɗa musu sarkin zai kwashe 'ya'yansu maza da mata, da gonakinsu, da ushirin hatsinsu, amma suka ƙi ji. Ubangiji kuwa ya nuna wa Sama'ila cewa shi ne suka ƙi.

To, sai mu ce kowane aron labarin Littafi Mai Tsarki cikin siyasa laifi ne? A'a. Bayin da aka kai Amurka sun rayu da labarin Fitowa, shi ya riƙe su. Martin Luther King, fasto ne, ran 3 ga Afrilu 1968 a Memphis ya kwatanta kansa da Musa wanda ya hango ƙasar alkawari daga kan dutse, ya ce mai yiwuwa ba zai shiga tare da su ba. Kashegari aka harbe shi. Shi ma aro ya yi, amma dubi wurin da ya sa kansa a cikin labarin. Ya tsaya a wurin bawa mai mutuwa, ya bar Allah a wurinsa, ya kuma hana mabiyansa ƙin waɗanda suke dukansu. Ashe abin dubawa shi ne wa aka ɗora a kan kursiyi sa'ad da aka gama ba da labarin.

Ga tambayoyi 3 da za ka iya auna kowace ƙungiya da su, har da wadda kake ƙauna.

Ta fari, ana iya ce wa shugaban ya yi kuskure, mai faɗin ya kwana a gidansa? Dawuda sarki ne shafaffe, amma da ya ci amanar Uriya, annabi Natan ya shiga fada ya faɗa masa a fuskarsa, Dawuda kuwa ya tuba. Sarkin da yake da Natan yana da bege. Wanda ya kori Natan ya riga ya fara gina gunkin kansa.

Ta biyu, ina aka ajiye mugunta? Bishara ta ce dukanmu mun yi zunubi, mugunta tana cikin zuciyata kamar yadda take cikin ta maƙwabcina. Addinin siyasa yakan kwashe muguntar duka ya jibga wa waɗancan, mu kuwa tsarkaka. Da zarar ka yarda da haka, ɗan adawa ya daina zama maƙwabci mai wani ra'ayi, ya zama ƙazanta da za a share. Daga nan zuwa ƙona shagonsa ba nisa. A nan ne bambanci mafi girma yake: Mai Cetonmu jininsa ya ba da saboda maƙiyansa, masu ceto na aro kuwa jinin 'ya'yan waɗansu suke nema.

Ta uku, me aka yi maka alkawari? In rijiya ce, da hanya, da makaranta, da alƙali mai gaskiya, waɗannan aikin hukuma ne, ka auna ka gani ko za a iya. In kuwa an ce za a share dukan hawaye a haifi sabon mutum, to, an shiga gonar da ba ta mutum ba. Mai alkawarin aljanna a duniya, in aljannar ta ƙi zuwa, ba ya cewa na yi ƙarya, sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi.

Yanzu bari mu juyo da madubin wajenmu, gama da sauƙi a zargi matattun shugabanni. Mutum-mutumi ba ya kafa kansa. Nebukadnezzar ya kafa gunkin zinariya mai tsawon kamu 60 a filin Dura, amma da bushe-bushe da kaɗe-kaɗe suka tashi, manyan ƙasa duka suka faɗi rubda ciki, mutum 3 kaɗai aka samu a tsaye. Sau da yawa ba shugaba ne yake fara cewa shi mai ceto ne ba, maroƙa da masu neman muƙami ne suke raɗa masa har ya gaskata. Mu ma a ikilisiya ba mu kuɓuta ba. Sau nawa aka ba ɗan takara mumbari don ya yi alkawarin kwanon rufi? Sau nawa aka ce Allah ya nuna wane ne zaɓaɓɓensa, ya faɗi zaɓe, ba wanda ya fito ya nemi gafara? Sa'ad da muka ba da kalmominmu masu tsarki aro, sukan komo mana a yage, 'ya'yanmu kuma su daina gaskata su. Ɗan'uwa ya ƙi gaisa da ɗan'uwa bayan sujada saboda jam'iyya, alhali gurasa ɗaya suka ci a teburin Ubangiji. Wannan ya nuna wace bangaskiya ce ta fi ƙarfi a zuciya.

Dubi Yesu. Ya ciyar da mutum 5,000, taron suka ga ga wanda zai raba su da yunwa da Romawa, suka yi niyyar naɗa shi sarki ƙarfi da yaji. Shi kaɗai ne ya cancanci kirarin, amma ya janye ya hau dutse shi ɗaya. Bulus da Barnaba a Listira, da mutane suka kawo bijimai za su yi musu hadaya, sai suka kyakketa tufafinsu suka ce su ma mutane ne. Ka ga halin bawan Allah na gaskiya, yabo irin wannan tsoro yake ba shi.

Wannan ba kira ba ne ka guje wa siyasa. Shadrak, da Meshak, da Abed-nego ma'aikatan gwamnatin Babila ne, sun yi wa sarki aiki da aminci, abu ɗaya kaɗai suka hana shi, wato sujada. Manzo Bulus ya koya mana mu yi biyayya ga hukuma, mu biya haraji, mu yi addu'a domin masu mulki. Ka lura, wanda ake yi wa addu'a mabukaci ne kamar kowa. Saboda haka ka yanki katin zaɓe, ka jefa ƙuri'arka, ka shiga jam'iyya in kana so, ka tsaya takara in Allah ya ba ka baiwar. Ka yabi shugaba in ya yi daidai, ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi in ya kauce. Yin haka ma jinƙai ne gare shi, gama ba ɗan adam da zai iya ɗaukar kayan da ake ɗora wa mai ceto bai karye ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Ran da iska ta taso, mutum ne za a gani a ciki, mai tsoro, mai tsufa, mai bukatar gafara kamar ni da kai.

Abin tunani: Akwai wani mutum ko wata jam'iyya da in an taɓa su raina yakan ɓaci fiye da in an taɓa sunan Ubangiji? Akwai wanda na daina gaisarwa saboda zaɓe? Me zan yi a kan wannan kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a: Ya Ubanmu na Sama, kai kaɗai ne ba ka kuskure, kai kaɗai ne ba ka mutuwa. Ka gafarta mana inda muka ba mutum wurin da yake naka. Ka ba shugabannin ƙasashenmu hikima da tawali'u, ka sa masu faɗa musu gaskiya kusa da su. Ka ba mu zuciyar ƙaunar maƙwabcinmu ko da ba jam'iyyarmu ɗaya ba, ko da ba addininmu ɗaya ba. Ka sa mu nemi adalci a ƙasarmu ba tare da mun durƙusa wa kowa ba sai kai. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu muka roƙa. Amin.